Agogon Motata da Arba'in ɗin Maijidda

Talata, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Yau na buɗe motar. Kwana goma sha shida tana ƙofar gida inda aka jawo ta aka aje, ganyen dogon yaro ya rufe gilashin. Ina murɗa makulli ta tashi bugu ɗaya, kamar ba ita ba. Na zauna ina saurarenta, raina yana ɓaci.

Agogon yana nan yana rawarsa. Ɗan agogo ne da na ɗaura gefen sitiyari bara, lokacin da ni da abokina Maman Lawali mai garaji muka sa wa motar turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi. Aikinsa ɗaya ne: ya nuna yadda iska da mai suke haɗuwa cikin inji. In mota na tsaye tana aiki, ya kamata ya zauna wajen 14,7. In an taka, turbo ya buɗe, ya sauko 11 ko 12. In ya haura 16 ko 17, mai ya yi kaɗan, inji na jin yunwa. Nawa kuwa tun azumi yake tsalle: 10, 18, 13, 19, ba dalili, mota kuma lafiya lau take tafiya.

Maman Lawali ya ce in sami littafi in riƙa rubuta lambobin da lokacin da suka fito. To ga littafin.

Matata Maijidda tana Tibiri, gidansu, tana wankan jego. Kowa ya ce haka aka saba, kwana arba'in. Na kira ta sau biyu yau. Wayar na shiga, ba a ɗauka.

Alhamis, 7 ga Agusta, ƙarfe 11 na safe

Ban buɗe shago ba. Masu injin ban ruwa su yi haƙuri, damina ce, ba wanda gonarsa za ta bushe.

Na kai ta garajin Maman Lawali a Sabon Gari. Ya ce mu fara daga bututun hayaƙi, don a cikinsa aka ɗaura sond, 'yar na'urar da ke shinshinar hayaƙi ta aika wa agogo labari. In bututun ya huje kafin inda take, iskar waje za ta shiga, ita kuma ta ce mai ya yi kaɗan. Muka toshe bakin bututu da tsumma, muka shafa ruwan sabulu a mahaɗa. Kumfa ta taso a bayan turbo, wata 'yar tsaga kamar tsinin allura. Aka yi mata walda.

Muka tada mota. 12, 17, 11, 19.

Maman Lawali ya goge hannu ya ce, "Zakari, ka ci abinci yau?"

Na ce na ci.

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi

Ragon da na saya don suna yana kuka tun asuba. Na manta ban ba shi dussa ba jiya. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya dube shi ya kau da kai.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan magariba

Na je Tibiri a kan kabu-kabu. Ba na son su ga motar.

Baba, mahaifin Maijidda, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure. Muka gaisa, ya tambayi Innata a Jiratawa, ya tambayi ruwa ya yi mana yawa ko a'a. Daga nan magana ta ƙare. Daga cikin gida ina jin ƙamshin ganyen da ake dafa mata ruwan wanka da shi, da na kunun kanwa. Na ji tarinta sau ɗaya. Na san tarinta, tana yin shi biyu-biyu, na biyun ƙarami.

Ban san yadda aka yi ba na kama ba Baba labarin agogo. Na yi masa bayanin sond, da tsagar da muka samu, da walda. Dattijon da bai taɓa tuƙa ko keke ba yana ta cewa, "To. To, madalla."

Yayarta Atika ta leƙo ta ce barci take. Na aje lemu da sabulu na taso.

Laraba, 13 ga Agusta, ƙarfe 3

Na kwance sond ɗin. Bakinta ya yi baƙi ƙirin da toka. Maman Lawali ya ce man bakin hanya ne, wanda ake sayarwa a kwalba. Muka goge ta, muka bar ta a sarari ta shaƙi iska zalla, muka daidaita agogo da ita kamar yadda takardarsa ta ce. Bai canza ba. Ya ciro wata sabuwa da ya aje wa wani, muka gwada. Bai canza ba.

Ke nan ba bututu ba ne, ba sond ba ce.

Tsaye: 13, 18, 10, 16.
Tafiya a hankali cikin unguwar Zariya: 15, 11, 19.

Na dawo gida na tarar ruwa ya jiƙa zannuwan Maijidda biyu da ke kan igiya tun ranar nan. Sun jiƙe sun bushe ya fi sau goma. Na bar su.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan masallaci

Ranar da muka gama ɗaura turbo, Maijidda na fara ɗauka. Muka hau hanyar Tibiri da yamma, na ce mata ta riƙa karanta mini lambar don idona na kan hanya. Ta gyara zama kamar mai jarrabawa. "Sha huɗu. Sha huɗu. Sha uku." Da na taka, turbo ya yi fito, motar ta ture mu baya, sai ta riƙe hannun ƙofa ta yi ihu, "Sha ɗaya da rabi! Malam, sha ɗaya da rabi! Mai kyau ne ko mu yi salati?" Na ce mai kyau ne. Ta yi ta dariya har mayafinta ya zame.

Daga ranar ta mai da shi aikinta. Ko kasuwa za mu, sai ta karanta. Da ya fara hauka da azumi, ta ce, "Ɗan agogonka ya fara tsegumi." Na ce ta ƙyale shi, ƙarya yake yi, zan duba shi bayan salla. Ƙaramar salla ta wuce, babba ta wuce.

Na kira. Ba a ɗauka ba. Na aika saƙo: "Ya jiki?" Alamar ta nuna an karanta.

Asabar, 16 ga Agusta, da rana

Ba amsa.

Litinin, 18 ga Agusta, da yamma

Dole ta kai ni Jiratawa. Injin wani mai garkar zogale ya tsaya, kuma ni na sayar masa da shi. Na ɗauki a-daidaita, na sa ragon a ciki, don Inna ta aiko cewa in kawo shi cikin garkenta tunda ba za a yanka ba.

Ban taɓa bin hanyar ba tun ranar nan. Na yi niyyar in rufe ido idan mun zo wurin, ban rufe ba. Gawon da ke bakin hanya yana nan, da 'yar rumfar mai faci. Gero ya yi tsayi har ya rufe inda muka tsaya. Mai a-daidaita yana ta ba ni labarin ƙwallo.

Inna ta karɓi igiyar ragon. Ta dama mini fura ta zauna tana kallona har na shanye. Da zan tafi ta ce, "Ka je ka gan ta?"

Na ce na je.

Ta ce, "Na ce ka gan ta."

Ɗakin da muka kwana a ciki daren Asabar ɗin nan a rufe yake. Inna ta sauya tabarmar.

Alhamis, 21 ga Agusta, ƙarfe 5 na yamma

Na gano shi.

Hadari ya taso ina zaune cikin mota a ƙofar gida, injin na aiki. Yayyafi ya fara, na kunna majan gilashi mai share ruwa. Agogon ya tashi daga 13 ya koma 18. Na kashe, ya sauko. Na kunna fitila, ya zabura. Na kunna rediyo, ya zabura. Na yi haka ya fi sau ashirin, ruwa na dukan rufin mota.

Na cusa kai ƙarƙashin tablo, allon gaban direba, da tocila. Baƙar wayar agogon, wadda ya kamata ta kama ƙarfen mota sosai, ashe a kan ƙusa ɗaya take da ta rediyo da wasu biyu, ƙusar ta yi tsatsa, tana lilo. Ni na ɗaura ta haka da hannuna, ina gaggawa. Duk abin da ya ja wuta sai ya rikita agogon. Na yanke ta, na ja sabuwar waya har jikin inji, na kankare wurin sai da ya yi fari, na ɗaure tamau.

14,7. 14,6. 14,7. Ya zauna kamar an kafa shi.

Na kunna fitila, na kunna rediyo, na danna oda. Bai motsa ba.

Aikin minti ashirin. Wata biyar ina cewa sai bayan salla.

Na juya gefen dama zan yi magana. Sai na kashe motar na shiga gida.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan azahar

Maman Lawali ya ce mu fita da ita hanya mu gani. Muka bi hanyar Zinder, rana ta take. Minti goma sha biyar na farko komai daidai: in na sassauta 14, in na taka 11 da rabi. Har ya fara yi mini barka.

Da injin ya ɗauki zafi sosai, na taka a wata 'yar hawa. Agogon ya sauko 12, sai ya fara hawa. Ba tsalle ba. A hankali, ɗaya bayan ɗaya: 14, 15, 16, 17. Ya tsaya a 18 bai motsa ba. Motar ta yi tari, ta yi fizga biyu, ta mutu.

Na san wannan tarin.

Na sauka na tsuguna bakin hanya. Maman Lawali ya ɗauko ma'aunin ƙarfin mai daga jakarsa ya jona. Ƙarfin ya faɗi ƙasa da rabi. Muka jira kusan minti arba'in, famfon ya huce, ta tashi kamar ba abin da ya faru.

A garaji muka sauke tanki. Rariyar da ke bakin famfon mai ta toshe da tsatsa da rairayi, kamar an shafe ta da laka. Famfon kuma shi ne ƙaramin da motar ta zo da shi tun asali. In ya yi sanyi yana iya wa turbo, in ya yi zafi sai ya gaza. Tun bara Maman Lawali ya ce in sauya shi da babba. Na ce wannan ɗin yana yi.

Ya riƙe rariyar a hannu ya ce, "Zakari, abin da Allah Ya rubuta..."

Na ce na sani.

Ya ce, "Ka sani da baki."

Litinin, 25 ga Agusta, da safe

Cuta biyu ce ashe. Waya ta sa shi ƙarya wata biyar. Rana ɗaya ya faɗi gaskiya.

Talata, 26 ga Agusta, bayan la'asar

Bari in rubuta, ko sau ɗaya.

Mun je gaida Inna ne, cikin Maijidda yana wata takwas. Da hantsin Lahadi ta kira ni daga ɗaki da wata murya da ban san ta da ita ba. Na ga tabarmar a jiƙe. Inna ta ce maza, Maradi. Na kwantar da kujerar gaba, Inna ta zauna a baya ta riƙe mata kai. Tafiyar da ba ta kai minti ashirin ba, kuma ga motar da ta fi kowace gudu a unguwarmu. Har na ji wani abu kamar alfahari da na tada ta. Allah Ya yafe mini.

Na taka iya ƙarfina. Muna fita gari ta buɗe ido, ta ce a hankali, "Malam, sha bakwai. Ya tsaya a sha bakwai." A wannan halin, ta karanta mini.

Na ce, "Ƙyale shi, ƙarya yake."

Da na sassauta ƙafa a lokacin, na tafi a hankali kamar kowace tsohuwar mota, da famfon ya kai mu. Maman Lawali bai faɗi haka ba, amma na san inji.

Wajen gawon nan motar ta mutu. Na murɗa, na murɗa. Motoci biyu suka wuce cike da mutane. Ta ukun mai ɗaukar buhunan zogale ce, a kansu muka kwantar da Maijidda.

A likita suka shiga da ita ɗakin aiki. Da la'asar wata ma'aikaciya ta fito ta ce uwar za ta tashi in sha Allahu. Ta miƙo mini sauran maganar a naɗe cikin zane.

Iya nan zan iya.

Juma'a, 29 ga Agusta, ƙarfe 6 na yamma

Yau arba'in.

Na share gida tun safe, na wanke randa na cika. Na kwashe zannuwan nan daga igiya na wanke na ninke. Jakar ƙananan kayan da Maijidda ta ɗinka na ɗora ta bisa sif, na sauko da ita, na sake mayarwa. An ɗaura sabon famfo jiya, an wanke tanki. Na yi tafiyar awa guda cikin rana, agogon bai wuce 12 ba in na taka. Motar ba ta taɓa yin lafiya kamar yau ba.

Duk ƙarar da na ji a lungu sai na fita.

Bayan la'asar Atika ta kira. Ta ce ba yau ba. Na ce yaushe? Ta ce Maijidda ba ta shirya ba.

Na dafa shinkafar mutum biyu.

Lahadi, 31 ga Agusta, da hantsi

Atika ta zo ɗaukar mata wasu tufafi. Na ce ta shiga ta ɗauka. Da ta fito ta tsaya tsakar gida, ƙullin a hannu, ta dube ni.

Na ce, "Yaya Atika, ki gaya mata na gano abin da ya sami motar. Laifina ne. Famfon mai ne, kuma an gaya mini tun..."

Ta ce, "Zakariya'u, don Allah tsaya. Sau nawa ka zo Tibiri?"

Na ce sau uku.

"Sau ukun nan tana bayan ƙyauren zaure tana jin ka. Ba barci take ba, ni ce nake maka ƙarya. Tana tsayawa ta ji mi za ka ce. Kai kuma mota, mota, waya, bututu. Sai ta koma ɗaki ta juya wa bango fuska."

Na ce to mi take so in ce?

"Ni ban sani ba. Ni ba mijinta ba ce. Amma kwana biyu ta yi ba ta san inda take ba. Da ta farka an riga an kai yarinyar. Innarka ba ta duba ba, ni ban iso ba. Kai kaɗai ka gan ta."

Ta gyara ƙullin ta fita. Ko rakiya ban yi mata ba.

Litinin, 1 ga Satumba, da rana

Na buɗe shago na zauna. Wani ya zo sayen tiyo, na ba shi wanda ba shi ya nema ba.

Talata, 2 ga Satumba, bayan magariba

Na je. Na gaida Baba na ce ina neman izini in shiga ciki. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ɗaga murya ya ce a ba ni hanya.

Maijidda tana zaune bakin gado a ɗakin da ta girma a ciki. Ta rame. Lallen da aka yi mata kafin tafiyarmu Jiratawa ya sauka har ƙarshen farce, saura ɗan ja kaɗan. Ta ce sannu da zuwa ba ta ɗago ba. Na zauna ƙasa kusa da ƙofa.

Na shirya magana tun daga Maradi. Na ce, "Maijidda, ranar nan da kika ce sha bakwai..."

Ta ce, "Na sani. Na ji motar da jikina. Ba shi nake tambaya ba."

A waje ana daka.

Ta ce, "Da wa ta yi kama?"

Tun ranar ban bari na tuna ba. Da hoton ya taso sai in tashi in nemi abin kwancewa. Na zaci ya goge. Da na buɗe baki sai ga shi duka.

Na ce tana da gashi, mai yawa, baƙi, kwance a jiƙe har goshi. Na ce goshin nawa ne, Allah Ya sa ba ta ɗauko hancina ba. Hancin naki ne, da leɓen sama mai ɗan tsini a tsakiya. Fara ce sol, amma bakin kunnenta ya nuna za ta yi duhu kamar Baba. Yatsunta dogaye, har da farce. Na sa ɗan yatsana cikin tafinta, tafin bai kai faɗin babban yatsana ba. Idonta a rufe, ba alamar wahala a fuskarta. Ba ta da nauyi, amma da na ɗauke ta daga likita har inda muka kai ta, ban ba kowa ya karɓe ni ba. Na ce zanen da aka naɗo ta a ciki naki ne, shuɗin nan mai ganye.

Ban san lokacin da ta sauko daga gado ba. Ta kama hannuna na dama ta buɗe shi tana kallo, ta kifa fuskarta a ciki. Muka yi kuka, ni da ita, har dakan waje ya tsaya.

Da ta natsu ta ce, "Sunan Mansura na so a sa mata."

Na ce ban sani ba.

"Ban gaya maka ba. Na bari sai ranar."

Na ce Mansura. Na sake faɗa. Shi ne karo na farko da aka kira ta.

An kira magariba, na miƙe. Ban tambaye ta yaushe za ta dawo ba. Ta rako ni har ƙyauren zaure, tana tafiya a hankali, hannu ɗaya bisa ciki.

Ta ce, "Malam, ka dawo jibi."

Na ce to.

"Ka sake faɗa mini daga farko. Yau kuka ya hana ni ji sosai."

Laraba, 3 ga Satumba, da asuba bayan salla

Na tuna wani abu da ban gaya mata ba. Akwai ɗan tabo baƙi a bayan kunnen Mansura na hagu, kamar ƙwayar riɗi.

Gobe da shi zan fara.